Ta Hanci Aka Leƙa Cikina a Alƙahira

Loma ta uku ce ta tsaya. Ina tsaye a kicin ɗin gidan da nake aiki a Alƙahira, hawa na biyar, na dangwalo dafaffen wake da burodinsu mai faɗin nan, na kai baki na haɗiye. Lomar ta wuce maƙogwaro, ta zo tsakiyar ƙirjina ta zauna. Ba ta dawo sama ba, ba ta yi ƙasa ba. Na kurɓi ruwa, shi ma ya tsaya a kanta, sai can suka gangara tare da wani zafi kamar ana jan garwashi a cikina. Na dafa bakin wurin wanke-wanke. Ba zafin ne ya tsorata ni ba. Innata ce ta faɗo mini a rai, domin nata ma haka ya fara.

Ina aji biyar na sakandare, a ƙauyenmu da ke ƙasan madatsar ruwan Watari, tuwo ya fara gagarar Inna. Aka koma dama mata fura da ruwa-ruwa, daga nan sai kunu, daga baya kunun ma sai an tace. Lokacin da aka kai ta babban asibiti a Kano, likitoci suka ce wani tsiro ne ya toshe hanyar abinci, kuma an makara. Suka sa ta barci don su buɗa mata wata hanyar da abinci zai riƙa shiga, ba ta farka ba. Wata bakwai ke nan daga lomar farko zuwa ranar da aka ɗauke ta. Ni na riƙa tace mata kunun, saboda haka na san lissafin.

Anti Larai ce ta kawo ni Masar. 'Yar unguwar Bacirawa ce a Kano, ƙawar ƙanwar babana, mai zuwa da dawowa da kayan sayarwa. Ta ce wa Baba akwai makarantar renon yara da ke neman mai ɗan Turanci, da yamma kuma in riƙa zuwa koyon aikin jinya. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, na yi shekara biyu ina tsinkar tumatir a gonar rani, sai Baba ya amince. Muna sauka ta karɓi fasfona ta ce za ta ajiye mini. Kwana biyu bayan nan ta kai ni wani gida ta danƙa ni ga wata mata, Madam Nadiya, malamar makaranta mai fuska a ɗaure. Babu yara, babu makarantar yamma. Mahaifiyarta ce a kwance, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, kowa yana ce mata Teta.

Tsohuwar tana da jiki. Kullum sai na ɗaga ta daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, in dawo da ita. Cikin wata guda bayana ya riƙe. Akwai kyamis a ƙasan benen, na nuna wa mai shagon bayana, ya ba ni wasu ƙwayoyi. Da safe kafin in sa komai a cikina nake jefa biyu in haɗiye da yawu, yadda muke yi a gona idan ruwa ya yi nisa. Da rana in na sami minti goma na miƙe baya, in ƙara ɗaya in kwanta. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wani abu a cikin hakan ba.

Teta ba ta iya magana sosai, bakinta ya karkace. Amma ita ta fara lura na daina cin abinci. Duk alewar da aka ajiye mata sai ta tura mini da hannunta mai lafiya, ta tsare ni da ido sai na sa a baki. Alewar kaɗai ke wucewa ba gardama.

Ranar Juma'a nake kiran Baba. Kusan kullum yana gona, injin ban-ruwa yana ta ruri a bayansa. Injin nan tsoho ne, in ya mutu sai an sha jan igiya har kafaɗa ta yi tsami kafin ya tashi, don haka Baba ba ya kashe shi saboda waya. Ranar da aka kira shi aka ce Yaya Sani ya sami ɗa namiji ma, cikin rurin ya yi hamdalarsa.

"Hindatu, lafiya dai ko?" in ji shi, yana ɗaga murya.

"Lafiya lau, Baba."

"Kina cin abinci?"

"Ina ci."

"To madalla. Albasa ta yi kyau bana. Ki riƙe salla."

Na ajiye wayar na shiga banɗaki na tofar da yawun da ya taru a bakina.

Da na ga sati uku abin yana ƙaruwa, ranar hutuna na hau jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari na tafi unguwar da Anti Larai take. Ta sa na buɗe baki ta haska da fitilar wayarta, ta leƙa kamar mai duba haƙoran akuya.

"Ai beli ne. An taɓa cire miki?"

"An cire, Anti. Ina shekara tara."

"To bai fita duka ba, ya sake tsirowa ta ciki. Tashi mu je, akwai wani mutumin wajenmu nan baya, yana yin ƙaho yana cire beli. Minti biyu ya gama."

Dole in faɗi yadda aka cire mini belin nan, don in ban faɗa ba, ba za a gane abin da ya biyo baya ba. Tari ne ya ƙi jin magani, aka ce ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganda ne ya yi tsawo. Aka kira wanzami. Goggo ta zaunar da ni tsakanin cinyoyinta ta matse, ta riƙe goshina da hannu ɗaya, wata maƙwabciya ta riƙe hannuwana. Ya danne harshena da wani ɗan katako mai faɗi, ya zura lanƙwasasshen ƙarfe. Na so in ce a dakata in yi numfashi, babu bakin faɗa. Na tuna jinin da na tofar a kan yashi, da yadda ya ɗora ɗan naman a kan ganye yana nuna wa mata, suna cewa kai, ashe abin da girma. Tun daga ranar ko buroshin goge baki ya wuce tsakiyar harshena sai na yi kakarin amai.

Duk da haka na bi Anti, don tsoron ciwon Inna ya fi ƙarfina. Muka shiga wani lungu, bayan wani shagon ɗinki. Mutumin ya yi mana maraba da Hausa mai daɗi, har raina ya ɗan kwanta. Sai ya janyo zabirarsa ta fata ya fara kwance igiyar. Irin ta wancan wanzamin ce sak, har warin. Ban san lokacin da na kai bakin titi ba.

Anti ta cim mini tana haki. "Ke wace irin yarinya ce? To ki saurare ni. Kika bari mutanen gidan suka san ba ki da lafiya, korar ki za su yi, ni kuma ba ni da inda zan sa ki."

"To ki ba ni fasfona in koma gida."

"Ki koma ki ce wa babanki me?"

Na hau jirgin ƙasa na koma gidan aiki.

Ba ni na faɗa wa mutanen gidan ba. Madam Nadiya ce ta shigo kicin wata rana da yamma ta same ni ina tofar da shinkafar da ta ƙi wucewa. Ta kama hannuna ta zagaye shi da yatsu biyu, suka haɗu har da rara. Da guntun Turancinta da guntun Larabcina na Islamiyya muka fahimci juna. Tsoronta kada ya zama ciwon da zan shafa wa mahaifiyarta. Ta ce gobe asibiti.

Likitan dattijo ne mai sanƙo, yana Turanci a hankali don in gane. Na ba shi labarin Inna, na ga ya daina rubutu ya ɗago kai. Ya ce sai an leƙa, babu wata hanyar sani. Akwai wata roba mai fitila da kyamara a kanta, ta baki ake zura ta har ciki. Ya ce za a iya sa ni barci. Na ce a'a tun kafin ya rufe baki. Barcin da aka sa Inna ke nan, ita da take da miji da 'ya'ya a bakin ƙofa. Ni ba ni da kowa a bakin ƙofa.

Ya haska bakina, ya daɗe yana kallo. "Ina ɗan naman da ke nan? Wa ya yanke?"

"A gida ne. Ina ƙarama."

Ya girgiza kai.

Washegari, Litinin, aka gwada. Aka fesa mini magani a maƙogwaro, aka kwantar da ni, aka sa mini wani zoben roba tsakanin haƙora don kada in rufe baki. Wata nas ta dafa goshina. Wannan dafawar ce ta gama da ni. Robar tana taɓa bayan harshena, ɗakin ya ɓace, na ji cinyoyin Goggo, na ji warin zabira. Aka ce na fizge robar da hannuna, na yi harbi da ƙafa na kifar da tiren kayan aiki. Ni dai na farga ina tsugune a lungun ɗakin, hijabina ya jiƙe da yawu.

A mota, da muka kusa gida, Madam Nadiya ta juyo gare ni. Ta ce likita ya ce a dawo ranar Alhamis, akwai wata robar siririya da ake bi da ita ta hanci. In na sake yin abin da na yi, za ta kira Anti ta zo ta ɗauke ni, don ba za ta bar mai ciwon da ba a san kansa ba kusa da mahaifiyarta.

Kwana uku ina taɓa hancina. Ina wanke wa Teta jiki ina tunanin yadda za a ce abu ya bi ta wannan 'yar kafar ya kai ciki. Idan na kasa, Anti za ta mayar da ni wurin mai zabira, ko in zauna ina tace wa kaina kunu ina ƙirga wata bakwai. Idan na iya kuma, watakila su ga abin da aka gani a cikin Inna. Ban san wanne na fi tsoro ba.

Ranar Alhamis Madam ta sauke ni a ƙofar asibiti ta wuce makarantarta. Rabona da abinci tun magaribar jiya, kamar yadda aka ce. Aka kai ni wani ɗan ɗaki mai kujera ɗaya. Nas ɗin da ta shigo ba ta ranar nan ba ce. Baƙa ce doguwa, ta manyanta. Ta duba takardata, ta dube ni, ta sake duba takardar.

"Hindatu. Kano?" Sai ta yi murmushi. "Sannu, yarinya. Ke ce mai harbin tire?"

Wata biyar rabon da in ji Hausa daga bakin da ba na Anti ba, in ban da mai zabira da Baba a waya. Hausarta a karye take, tsohuwa, irin ta kakanni. Sunanta Amna, 'yar Sudan ce. Kakarta ta taso daga ƙasar Zazzau da ƙafa za ta hajji, tafiyar ta tsaya a Sudan, can ta hayayyafa.

"Kakata ta ce Kanawa ciniki suka iya, amma da sun ga asibiti sai gudu. Ashe gaskiya ta faɗa."

"Zagezagi ai ba sa rasa abin faɗa," na ce.

Ta yi dariya ta ja kujera. Ta tambaye ni ko ina yawan haɓo, ko an taɓa yi mini aiki a hanci, ko an taɓa yi mini allurar cire haƙori jikina ya ƙi ta. Duk na ce a'a. Sai na gaya mata zancen belin. Ba ta girgiza kai irin na likita ba. Ta buɗe bakinta ta nuna mini. Ita ma babu.

"Mu ma ana yi. Ni ina jaririya, ban sani ba. Ke kin sani, shi ne wahalar."

Ta ba ni wani ruwa kaɗan a kofi na sha, ta ce yana kwantar da kumfar ciki don a gani da kyau. Ta sa na toshe kafar hanci ɗaya na ja iska, na toshe ɗayar na ja. Ta hagu ta fi buɗewa. Ta ɗauko 'yar kwalba mai dogon baki ta fesa mini a kowace kafa. Sanyi ya harba har tsakiyar kaina, na yi atishawa sau biyu.

"Wannan ba ya kashe zafi. Buɗa hanya yake yi, ya hana jini. Mu jira shi."

Muka jira. Ina jin hancina yana buɗewa kamar na shaƙi mentilatum. Sannan ta zuƙo wani magani mai kauri kamar koko a sirinji. Na ja baya.

"Babu allura, duba." Ta ɗora bakin sirinjin a tafin hannuna. "Ɗaga kai. In ya gangaro wuya, haɗiye. Ɗaci ne da shi, ban ɓoye miki ba."

Ta matsa shi a kafar hagu a hankali. Da fari yaji, kamar ruwa ya shiga hanci a wurin wanka. Sai ɗacin ya sauko, ya fi na maɗaci. Ta shafe wata 'yar roba mai laushi da maganin, ta nuna mini tsawonta, ta zura ta a kafar ta bar ta a ciki. Na ji ana turawa, amma zafin yana nisa, kamar a hancin wata. Bayan ɗan lokaci ta zare ta sa wata da ta ɗan fi ta kauri. Ta ce in wannan ta zauna lafiya, ta likita ma za ta wuce.

A nan ne abin ya zo. Maganin da ya gangara ya kashe mini maƙogwaro. Na haɗiyi yawu ban ji ya wuce ba. Na sake haɗiya, babu. Wuyana ya yi nauyi kamar an cusa auduga, na ja numfashi ban ji iskar ba. Na ce shi ke nan, ya toshe, haka Inna ta ji a ƙarshe. Na miƙe tsaye da robar a hancina, hannuna ya tafi zai fizge ta.

Amna ba ta riƙe ni ba. Wannan nake tunawa kullum. Ta ja da baya ma, ta ɗaga hannuwanta in gani.

"Ba mai danne ki. Sa tafin hannunki a bakinki. Hura."

Na hura.

"Me kika ji?"

"Iska."

"Ta wa?"

"Tawa."

"To tana shiga tana fita. Wuyan ne ya yi barci, ba ya ba ki labari. Hanya a buɗe take." Ta bari na hura sau uku. "Ranar wanzami, kin iya magana?"

"A'a."

"Ranar Litinin da zobe a baki?"

"A'a."

"Yanzu da roba a hancinki, da wa nake hira?"

Na tsaya. Sai a lokacin na lura bakina nawa ne, babu komai a ciki.

"Haka za ki yi ta surutu har a gama. In kin ce a tsaya, ni zan riƙe hannun likita, ba naki ba."

Na koma na zauna.

A ɗakin aikin na kwanta ta ɓarin hagu. Likitan ya nuna mini robar, baƙa, kaurinta bai kai fensir ba, da 'yar fitila a kai. Na ce kada kowa ya dafa mini goshi. Amna ta faɗa musu da Larabci, nas ta biyu ta ja hannunta. Na yi bisimilla.

Da ta shiga, ba zafi na ji ba, matsi ne, can bayan ido, har hawaye ya zubo ta ido ɗaya.

"Tsaya," na ce.

Ya tsaya. Wallahi ya tsaya. Na yi numfashi uku ina sauraron yadda babu abin da ke motsi.

"To, ci gaba."

"Me babanki yake nomawa?" in ji Amna.

"Albasa."

"Sai me?"

"Tumatir. Tattasai. Da damina shinkafa."

"Haɗiye yanzu. Yawwa. Ta wuce wuya, nan ne mai wuyar. Sai me kuma?"

"Alkama, in an saki ruwa da wuri." Muryata tana fita ta wani iri, amma tana fita.

Allon yana gabana. Na yi niyyar rufe ido, na kasa. Wata hanya ce ja-ja mai sheƙi, tana buɗewa tana rufewa. Ina jiran in ga abin da ya toshe ta. Sai likitan ya dakata, a allon ga wani wuri ya yi jawur, da farare-farare guda biyu a tsakiya kamar gyambo. Na daina lissafin gona.

"Kina shan wani magani?" ya tambaya da Turanci.

"Na ciwon baya."

"Kullum? Da ruwa?"

"Da yawu. Kafin in karya."

"Kina kwanciya bayan kin sha?"

"Wani lokaci."

Ya yi wani ɗan sauti a hanci, ya ce wa Amna wani abu, ya ci gaba. Cikina ya kumbura da iskar da suke hurawa, na yi gyatsa mai ƙarfi, kunya ta kama ni, Amna ta ce kowa yana yi. Ya zagaya ko'ina, ya dawo kan gyambon ya sake dubawa ta kowane gefe, sannan ya zare a hankali. Aka ba ni auduga na riƙe a hanci. Ɗigon jini biyu ne kawai.

Ya cire safar hannunsa ya zauna daidai fuskata. Na gane Turancinsa, amma na juya wurin Amna, don ina so in ji da Hausa.

"Ya ce babu tsiro. Ko kaɗan. Ƙwayar da kike haɗiya ba ruwa ce take maƙalewa a hanya, ta narke a wurin ta ƙona shi. Gyambo ne, wurin ya kumbura, shi ya sa abinci ke tsayawa. Ki daina ta, ki sha wanda zai rubuta, zai warke. Ba ya yaɗuwa ga kowa, zai rubuta wa matar gidanku haka."

"Ba irin na Inna ba ne?"

Ta tambaye shi, duk da ta san amsar. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce a'a da Larabci, ya ce a'a da Turanci.

Aka ce kada in ci kada in sha sai bayan awa ɗaya, sai wuyan ya farka, kada kuma in fyace hanci da ƙarfi. Amna ta zaunar da ni a benci ta ajiye kofin ruwa kusa da ni, ta nuna mini agogon bango. Sha ɗaya saura kwata. Ba Juma'a ba ce, amma na ciro waya.

Injin yana ruri. "Hindatu? Yau Alhamis fa. Lafiya?"

"Baba, wata biyu abinci yana tsaya mini a ƙirji. Ban faɗa maka ba."

Na ji takunsa cikin laka, da sauri, sai rurin ya yi ƙasa, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Ban taɓa jin gonarmu shiru ta waya ba. Har kukan tsuntsaye na ji.

"Ina jin ki," ya ce, da wata murya ƙarama.

"An leƙa, Baba. Yanzu aka gama. Ba shi ba ne."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa. Hancina yana zuba ban sani ba, sai da Amna ta miƙo mini wata audugar.